Kai Amarya a Firi

Duk faɗin Alƙahira, daga Abbasiya har Ard al-Liwa, babu Bahaushen da ya san mota mai ƙofa biyu kamar ni, Badamasi na Funtuwa. In mota ta wuce ta bayan gini, daga kukanta kawai nakan faɗa maka ƙasar da aka ƙera ta, da shekarunta, da ko mai ita yana da aure. Ka tambayi kowa a teburin shayin Malaz da ke Hayyin Ashir zai gaya maka. Abu ɗaya ne tak ban taɓa yi wa mota ba, shi ma ɗan ƙarami ne: tuƙi.

Ba laifina ba ne. A tashar Funtuwa kamasho na yi, aikina in cika mota in bugi bayanta in ce a tafi. Da na zo Masar sai na koma rakiyar marasa lafiya da ke zuwa daga gida, ina yi musu tafinta da Larabcina na kasuwa. Nan ma kujerar bayan tasi ce mazaunina. Amma wanda ya shekara ashirin yana kallon ƙeyar direbobi ai ya tara ilimi.

Kullum bayan la'asar mu uku ne a teburin. Akwai Harun, ɗalibin fiƙihu ɗan Gusau, wanda ya haddace farashin kowace mota kamar matanin da za a yi masa jarrabawa a kai. Akwai Ayman mai aski, jikan Hausawan da suka tafi Makka a ƙasa suka yada zango a Sudan. Sai ni. A cikinmu babu mai ko keke, amma in ka ji musunmu sai ka ɗauka gareji ne ya yi mana kaɗan.

"'Yar Jamus ce gaba," in ji Harun, yana nuna mana hoto a waya. "Doki ɗari huɗu ne a cikinta. Kafin ka ce kwabo ta ɓace."

"Ya zol, kuɗinta fa?" in ji Ayman, da kiran nan nasu na Sudan mai nufin kai malam. "Da kuɗin 'yar Jamus guda za ka sayi 'yar Japan biyu, ka yi aure da canjin."

"To 'yar Amurka?"

"Wannan ai rijiya ce aka sa wa taya. Sai dai ka auri 'yar mai gidan mai."

Ni kuwa sai in bari su gaji, sannan in kurɓi shayi in gyara zama.

"Duk karatun waya kuke yi," nakan ce. "Mota ba a hoto ake saninta ba, a mazaunai ake saninta. 'Yar Jamus, in ka sha kwana da ita, kamar ka gaisa da surukinka ne, akwai girma babu sakewa. 'Yar Japan tsohon takalmi ce, ba ta cizo, ba a kuma kallonka. Amma 'yar Italiya..." Nan sai in lumshe ido in girgiza kai, kamar mai tuna wata da aka raba su.

Duk wannan ba don Harun da Ayman nake yi ba. Don mai shayin nake yi. Malaz bazawara ce, mai wushirya, 'yar Hausawan Gadarif ta Sudan, kuma bakinta ya fi ruwan butarta zafi. Marigayi mijinta direban babbar mota ne, abin da ya kamata in riƙe a kaina ban riƙe ba. Na daɗe ina zagaye ina shan shayin da ya fi ƙarfin cikina, ita kuwa ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.

Wata rana ina tsakiyar lumshe ido ta ajiye farantin zalabiya, fankensu na can, a gabana.

"Ya Badamasi, bakinka yana gudu ɗari biyu, ƙafarka tana cikin silifa. Kai da ka tuƙa motocin duniya, taka tana ina?"

Bakina ba ya shawara da ni. Sai ji na yi ya ce, "Gobe za ki gan ta."

To, a Alƙahira akwai wata al'ada da ta cece ni. Wurin ajiye mota ba ya isa, saboda haka in layin farko ya cika sai a yi na biyu a gefensa. Wanda ya tsaya a layi na biyu zai bar motarsa a firi, bai ja birkin hannu ba, ya kulle ya yi tafiyarsa. Duk wanda aka tare sai ya sa hannu ya tura ta gaba ko baya, ya fice. Kowane titi yana da sayis, wato mai kula da motocin, namu kuwa Ammu Hussain ne, dattijo mai ciwon baya. Na saba taya shi turi, don in samu in shafa jikin motocin mutane.

A can saman layinmu kullum da hantsi ake ajiye wata ja, 'yar Italiya, tsohuwa amma ta sha kulawa, ƙasa-ƙasa kamar kada yana shan rana. Ammu Hussain ya ce ta wata likitar haƙori ce da ke hawa na uku, ba ta kuma saukowa sai majalisarmu ta daɗe da tashi.

Washegari da azahar, rana na dukan kowa ya ɓuya, na sa kafaɗa. Daga saman layin zuwa wurin Malaz shimfiɗe yake, sai bayan teburinta gangara take farawa. Na turo ta a hankali har daidai kujerata, na sa dutse a gindin taya. Babu wanda ya kalle ni. A garin nan mai tura mota daidai yake da mai sosa ƙeya. Na sayi maratayin makulli mai hoton doki, na maƙala masa makullin kwaɗon ɗakina na saman bene, na zauna ina kaɗa shi a yatsa.

Harun ya zagaya ta sau uku kamar mai ɗawafi. Ayman ya cire hula.

"Tayar mana mu ji muryarta," in ji Harun.

"Injin Italiya ba rediyo ba ne, Malam. Ba a kunna shi don yara su ji."

"To buɗe mu ga ciki."

"Fatar kujerun ba ta shiri da man zalabiya. Dubi hannunka."

"Doki nawa?"

"Ɗari uku," na ce. "Ban da waɗanda ba a rubuta ba."

Ranar Malaz ta kawo shayina da madara ba tare da na tambaya ba.

Haka muka ci gaba. Da azahar in turo, in jama'a sun watse in mayar. Gaskiya ba kullum nake samun ainihin gurbin da na ɗauko ta ba. Yau in bar ta gaban kemis, gobe gaban mai ruwan rake, jibi kusa da mai gyaran waya. Tazarar mota uku ko huɗu ai ba abin da mutum mai yawan aiki zai lura da shi ba ne. Ayman ya dame ni in kai su bakin Nilu su sha iska, na ce irin wannan motar ba ta motsi sai da babban dalili.

Baki shi ke yanka wuya. Ba a jima ba Malaz ta zo ta tsaya a kaina da buta a hannu.

"Babban dalili ya samu. Wijdan 'yar yayata za ta yi aure, rumfar biki a ƙarshen layin nan za a kafa. Ka ɗauke mu, ni da amarya, daga ƙofar gida ka sauke mu a bakin rumfa, jama'a na gani. In ka yi, washegari ka aiko manyanka wurin Inna."

Inna mahaifiyarta ce. Maganar da na yi shekaru ina jira ke nan, ta zo mini a kan tayar da ba tawa ba.

"Khalas," na ce. "Ki ɗauka an yi."

Wani zai gudu ya koma Giza da zama. Ni zama na yi na tsara abin kamar injiniya.

Na farko, ƙofa. Motar tsohuwa ce, makullin ƙofa daban na tayarwa daban, na ƙofar kuwa yana cikin damin makullan Ammu Hussain. Wannan mai sauƙi ne. Na biyu, sitiyari. In babu makullin tayarwa a kulle yake, mota ba ta zuwa ko'ina sai miƙe. Na bi layin da ƙafa na duba, a miƙe yake kamar alif, kuma gidan su Malaz yana daidai inda gangara ta fara. Na je na samu masu kafa rumfa, na saya musu shayi, na roƙe su su sa ƙofar ta kalli titi. Suka ce tamam, an gama. Na uku, kuka. Na sayi 'yar sifika a kasuwar Ataba, na samo bidiyon injin Italiya yana gurnani a waya. Na huɗu, wanda zai ba ta turin farko.

Nan na tara abokan ango.

"A ƙasar da aka ƙera motar nan," na ce musu, "in za a kai amarya, abokan ango kan ɗora hannu a bayanta su raka ta. Albarka ce. Amma ba shafa ake yi ba, jingina ake yi da gaske, da ikhlasi."

Harun ya gyara tabarau. "Wannan al'adar tana da asali kuwa?"

"A Italiya take da asali."

"Bidi'a ce ke nan."

"Bidi'ar mota ce, Malam, ba ta ibada ba. Ka taɓa ganin babin mota a littafinku?"

Kafin ya gama laluben babin na wuce.

Ranar biki na ce wa Ammu Hussain ya je bayan rumfa inda ake dafa nama ya huta da bayansa, ni zan riƙe masa layi. Ya miƙo damin makullai har yana sa mini albarka. Na ɗaure sifikar da roba a ƙarƙashin mota kusa da salansa. 'Yan mata suka zo suka lulluɓe bonet da furanni da kyalle mai ƙyalli. Na ci babbar riga ta shadda mai sitaci, na kafa hula, na buɗe ƙofa a gaban jama'a.

Ranar na fara shiga cikinta.

Hular ce ta fara faɗuwa, don rufin ya fi ni sanin tsawona. Na tafi zan zauna na ji babu kujera, na ci gaba da tafiya ƙasa har na ɗauka titi zan tarar. Gwiwoyina suka zo kusa da kunnuwana, rigar ta taso ta rufe mini fuska. Da na tono kaina na leƙa ƙasa, sai na ga abin takawa har uku, ni kuwa ƙafa biyu Allah ya ba ni. Na yi nazari. Na hagu ya fi sauran sulɓi, alamar an fi taka shi. A Alƙahira kuwa me ake takawa fiye da birki? Na yanke hukunci shi ne.

Aka fito da amarya ana guɗa. Rigarta kaɗai ta isa ta cika tasi.

"Ta ina za mu shiga baya?" in ji Malaz.

"Ta gaba."

"To karya kujerar mana."

Na lalubi gefen kujera, na ja wani abu, murfin tankin mai ya buɗe. Na ja wani, kujerata ta zame gaba ta manna ni da sitiyari. Ayman ya leƙo, ya taɓa wani ɗan ƙarfe, kujerar ta sunkuya.

"Irin na kujerar askina ne," ya ce. "Ba ka sani ba?"

"Gwada ka nake yi."

Aka cusa Wijdan kamar ana cusa auduga a matashi, Malaz ta bi ta, aka tattara sauran rigar aka jibga musu a cinya. Ina shirin rufe ƙofa sai ga Inna da sandarta, da kaskon turaren wuta yana hayaƙi.

"Inna, wurin ya cika," na ce.

"Ɗan nan, jikata ba ta tafiya gidan miji babu turare. Matsa gwiwarka."

Ta zauna a gaba ta ɗora kaskon a cinya, aka rufe. Nan na gano gilasan na lantarki ne, ba sa sauka sai da makulli.

"Kunna mana esi," in ji Malaz daga baya.

"Esi yana rage doki."

"To sauke gilashi."

"Iska za ta ɓata kwalliyar amarya."

Inna ta ƙara turare.

Na ɗan buɗe ƙofata na ce wa Ayman ya cire dutsen gindin taya, na latsa waya a ɓoye cikin aljihu. Gurnani ya tashi daga ƙarƙashin mota kamar zaki ya ji yunwa. Mata suka rangaɗa guɗa, samari suka ɗora hannu, ango da kansa ya shigo tsakiya da farar jallabiyarsa. Na ji ta motsa.

Jama'a, duk abin da ya biyo baya, wannan ɗan lokacin ba zan sayar da shi ba. Ga sitiyari a hannuna, ga titi yana tahowa, ga mutane a baranda suna ɗaga waya. Ta madubi na hango wushiryar Malaz cikin hayaƙi. Na ce a raina, Badamasi, ashe dama direba ne kai, mota ce ba ka samu ba.

Sai ga mai gurasa a kan keke, da faifan katako a kansa, a tsakiyar hanya. Na danna oda. Shiru, ita ma sai da makulli. Na buɗe ƙofa na leƙa kai na yi masa odar da baki. Ya waiwayo ya ga jar mota tana gurnanin tsere tana tafiyar kunkuru, direba yana cewa bib-bib, ya rasa ta inda zai kauce. Madubin gefe ya taɓa shi kaɗan, rabin gurasar ya zubo a kan furannin bonet. Ya bi mu yana ambaton kakannina ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya ce?" in ji Inna.

"Fatan alheri yake yi wa amarya."

Abin da na manta a duk lissafina shi ne matabbi, tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Na layinmu mutanen unguwa ne suka gina shi da kansu bayan tuktuk, wato keken napep, ya buge akuyar wani, kuma da fushi suka gina shi, tsayinsa kamar kushewa. Kullum ina tsallake shi da ƙafa, ban taɓa kallonsa da idon mota ba.

Tayoyin gaba suka hau, suka yi tunani, suka fasa. Motar ta dawo da baya a kan masu neman albarka.

Harun ya zagayo ya ƙwanƙwasa gilashi. Na buɗe ƙofa, hayaƙi ya bugi fuskarsa.

"Malam Badamasi, injin yana kuka kamar muna hanyar Iskandariya, amma baya take yi."

"Ƙarfi take tarawa. Ku ne ikhlasinku ya yi rauni."

"Ka taka totur mana."

"Da amarya a ciki? So kake mu kwana a Suwez? Koma ka jingina."

Suka jingina. Ina jin nishinsu ta cikin ƙarfe. Wani ya ce wannan albarkar da nauyi take, wani ya ce yalla, a tura, suka haɗa ƙarfi. Motar ta hau, cikinta ya goga a kan tudu da wata irin ƙara da ta sa haƙorana tsami. Ta tsaya cak a ƙololuwa, gaba na lilo baya na lilo.

Daidai nan gurnanin ya yanke. Daga ƙarƙashin salansa wata mata ta fara rera waƙa da Larabci, tana cewa duk uwargidan da ke son mijinta ya dawo gida da wuri ta yi girki da man gwangwani kaza. Bidiyon kyauta ne, ban san ana sa talla a tsakiya ba.

Guɗa ta tsaya. Ta madubi na ga Ayman ya durƙusa, ya zura hannu, ya miƙe da sifika.

"Ya zol," ya ce, "injinka yana tallar man girki."

Kowa ya ɗauke hannunsa a lokaci guda. Inna kuwa ta sunkuya gaba don ta gyara kasko, nauyinta ya raba gardama. Motar ta sulale ta sauka tudun, gangara ta karɓe ta.

Yanzu kam gudu take yi na gaske, kuma shiru kamar ɓarawo.

"Me ya sa ta daina kuka?" in ji Malaz.

"Ta shiga babbar giya. A nan ba a jin sauti."

Na goge hayaƙi daga idona na hango rumfa. Babu ƙofa. Ashe mai gahawar gefe ya yi ƙorafi, masu rumfa suka mayar da ƙofar ta kalli lungu, abin da ke kallon titi bangon kyalle ne mai zanen ja da shuɗi. Shayina ya tafi a banza. Na murɗa sitiyari, ya ƙi. Na murɗa da hannu biyu, ya ce ƙas, ya tsaya a kan bakansa. Na taka na hagu. Ya tafi har ƙasa lumui kamar na taka tuwo, motar ma kamar daɗi ta ji.

"Birki, ya Badamasi," in ji Malaz.

"Shi nake takawa."

"Wannan kuloci ne."

"A Italiya..."

Ban ƙarasa ba. Wijdan ta fashe da kuka, Inna ta fara salati tana dukan gwiwata da sanda a kan kowace gaɓa. Sai na ga hannu mai lalle ya ratso tsakanin kujeru, ya kama birkin hannu, ya ja shi sama da ƙarfin matar direban babbar mota. Tayoyin baya suka yi ƙara. Hancin motar ya ɗaga kyallen rumfa, muka shiga da shi a kanmu kamar mayafi, muka share layin kujeru guda, muka tsaya daf da kujerar zinariya da aka tanadar wa ango da amarya.

Na buɗe ƙofa. Hayaƙi ne ya fara fita, sannan ƙafata, sannan ni da rarrafe. Rumfar cike take, kowa da faranti a hannu, babu mai tauna. Gurasa ɗaya ta gangaro daga bonet ta faɗi a gabana.

Na miƙe na kakkaɓe riga.

"Ga amarya," na ce, "har cikin ɗaki. Wasu a bakin ƙofa suke saukewa."

Wallahi saura kaɗan in sha. Har wani dattijo ya fara tafi. Sai ga masu albarka sun iso suna haki, jallabiyar ango ta zama ruwan toka, Ayman na gaba da sifika a hannu. Tallar ta ƙare, injin Italiya ya ci gaba da gurnani a tafin hannunsa. Bayansu mai gurasa. Bayan mai gurasa kuma wata mata ce mai farar rigar likita, takunkumi a haɓa, tana tafe tana huci. Wani mutum yana biye da ita da auduga cike da baki, da alama tana tsakiyar aiki a kansa ta hango motarta ta taga tana wucewa da furanni.

"Wa ya kawo motata nan?" ta tambaya da Larabci, wanda kowa a rumfar ya fi ni ji.

Ban taɓa ganin yatsu sun haɗa kai irin na ranar ba.

Malaz ta fito da baya-baya daga cikin rigar amarya. "Motarki?"

"Ni ce Daktura Hiba. Shekara goma sha biyar tana hannuna." Ta juyo kaina. "Kai ne? Kullum in sauko in tarar da ita ba inda na bar ta ba. Yau kemis, gobe mai rake. Na daina shan gahawa. Na je har hoton ƙwaƙwalwa aka yi mini."

"Alhamdu lillahi," na ce. "Ai lafiya lau aka samu ko?"

"Kada ka yi mini magana."

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Daktura, motoci suna kama. Tawa ma ja ce, wataƙila yaran ne suka..."

"Ina makullinka?" in ji Daktura.

Na damƙe hannu. Malaz ta matso ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga abin sama yadda na bayan rumfa ma zai gani. Dokin ya yi lilo.

"Wannan ai na kwaɗo ne," ta ce.

Ammu Hussain ya ɓullo daga wajen tukwane da ƙashi a hannu, ya kalli mota, ya kalli likita, ya kalle ni, ya juya ya koma wajen tukwane.

Dariyar daga wajen mata ta fara. Ta ratsa maza, ta fita titi, ta hau baranda. Amarya da ke kuka ta koma dariya har kwalli ya gangaro mata. Mai auduga a baki ma yana yi, yana riƙe da kunci. Inna, da har yanzu ba ta fito ba, ta leƙo ta ce, "Kowa ya hau motar kwaɗayi, ɗan nan, ka san tashar da ake sauke shi. Amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki fasinja ba sai kai."

Daktura ta ce zaɓi biyu ne. Ko ta kira hukuma, ko in mayar da motar inda na ɗauko ta, ta yadda na kawo ta. Na ce na biyun ya fi kusa da abin da na ƙware a kai.

Ta shiga ta sa makullinta na gaskiya, ta murɗa rabi, gilasai suka sauka, sitiyari ya saki. Ba ta tayar ba. Da yake hancin motar na cikin rumfa, ta gaba zan tura, da baya-baya, zuwa sama. Inna ta ce ba za ta fita ba, dama ta manto goronta a gida. Malaz ta tattara zanenta ta koma kujerar baya ta zauna, ta ce Inna ba ta tafiya ita kaɗai.

Na tuɓe babbar riga, na dafa bonet a kan ragowar furanni. Fuska uku suna kallona ta gilashi. Na ɗan zagaya wajen taga na rage murya.

"Malaz, maganar manya fa? Ai dai na sauke ku a rumfa. Har ciki ma."

"Manyanka, in suna kusa, kira su yanzu su kama maka," ta ce, ba ta kuwa rage tata muryar ba. "Wurin Inna dai kada su wahalar da ƙafarsu."

Na koma na sa kafaɗa. Jama'ar biki suka fito da farantansu suka jeru gefe da gefe, suna ci suna ba ni shawara. Ayman yana tafe a gefena, duk sanda na yi nishi sai ya ƙara wa sifika murya. Harun ya matso da tsoka a hannu, ya gyara tabarau.

"Malam Badamasi, don ilimi nake tambaya. Doki nawa ka ce tana da shi?"

Malaz ta leƙo da kai ta taga.

"Ni dai da na shiga ban ga doki ba, ya Harun. Jaki ne guda ɗaya, ga shi nan a gaba."

Ina da amsa, kuma mai kyau ce. Amma numfashin da zan faɗe ta da shi ina bukatarsa, don tayoyin baya sun riga sun taɓa matabbi.